Tsaron Doka a Bakin Iyakar Katsina da Kano a Zamanin Da

Ƙasar Kankiya da Kusada tana kudu maso gabas da birnin Katsina, bisa tafarkin fatake mai zuwa Kano. Ta Kusada Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi cikin shekarar 1851, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello. Tun da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulki a 1807, shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya ita ce dokar ƙasa, amma tsaronta a bakin iyaka aiki ne mai wuya.

Masifa biyu ke damun mutanen wannan yanki. Ta fari harin Maraɗawa, watau Haɓen da aka kora daga Katsina, waɗanda ba su daina kawo hari ba har ƙarshen ƙarnin. Saboda haka gari ya kan yi ganuwa, a rufe ƙofa da magariba, baƙo kuwa ba ya kwana sai mai masaukinsa ya sanar da mai gari. Ta biyu ɓarayin shanu. In an kore garke da dare, da asuba sai masu bin sawu su tashi. Garin da sawu ya shiga bai fita ba, a wuyan mutanensa abin ya ke: su fito da ɓarawo, ko su biya.

To, in sawu ya ƙetare cikin ƙasar Kano fa? Nan ikon dogarin Katsina ya ƙare. Sai mai gari ya kai magana gaba, a rubuta takarda a aika wa hukuman Kano, domin sarakunan biyu duk mabiya Sarkin Musulmi ne. Kafin amsa ta zo, sau da yawa an rigaya an sayar da shanun.

Wanda aka kama a kan sa shi a mari a kai shi gaban alƙali, mai ƙara ya kawo shaidu, in babu, wanda ake tuhuma ya rantse. Maganar kisan kai kuwa sai birni, gaban Sarki.

Bayan zuwan Turawa a 1903 aka zaunar da hakimai cikin ƙasashensu, daga baya aka kafa 'yan doka. Mutanen farko sun tsare hakkin talaka ba albashi, sai tsoron Allah da kunyar gari. Allah ya jiƙansu, amin.