Tarin Fuka na Ƙashi da Mahaɗar Jijiya: Tarihinsa a Riyad

Tarin fuka na ƙashi ciwo ne da ƙwayar tibi ke haddasawa idan ta bar huhu ta bi jini ta sauka a ƙashi ko gaɓa. Kusan rabin masu shi a ƙashin baya yake kama su. Jefi-jefi yakan zauna inda jijiya ta manne da ƙashi, kamar tudun ƙashin cinya a gefen kwankwaso, ko dunduniya inda agara ta kama. Sunan ma yaudara ne, don mai ciwon sau da yawa ba ya tari. Kumburi ne da ciwo mai cin mutum a hankali, har a yi watanni ana ce masa sanyin ƙashi.

Ciwon tsoho ne, an ga alamarsa a gawarwakin Misira na zamanin Fir'auna. A 1779 likitan Landan Percivall Pott ya bayyana ƙusumbi da shanyewar ƙafafun da yake jawowa. Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar a Berlin ranar 24 ga Maris, 1882, amma magani bai samu ba sai da aka gano streptomycin a 1943, isoniazid ya biyo baya a 1952.

A Riyad, labarin ya ɗauki wani salo. Manyan asibitocin birnin, irin su Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da aka buɗe a 1975, sun riƙa karɓar marasa lafiya daga karkarar Najad, inda shan ɗanyen nonon raƙumi da na awaki ke yaɗa bakkale, cutar da makiyayanmu suka sani a shanu. Ita ma tana cin ƙashin baya, tana kawo zazzaɓi da gumin dare, ga shi kuma maganinta da na tibi ba ɗaya ba ne. A 1989 likitocin Asibitin Sojoji na Riyad, ciki har da Monir Madkour, suka wallafa binciken da ya kwatanta hotunan cututtukan biyu: bakkale ta fi son ƙasan baya kuma ba ta cika rushe ƙashi ba, tibi kuwa yana tara mugunya ya karya ƙashin har baya ya tanƙware.

Hoto kaɗai bai isa hukunci ba, musamman a mahaɗar jijiya. Sai an ɗebi ɗan nama ko mugunya an gwada, sannan a fara magani na wata shida zuwa shekara.