Yadda ake koya wa kare wurin bahaya a gida da lambu

A garuruwan Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, ba kasafai ake ajiye kare don ado ba. Aiki ne ke kawo shi gida: gadin sito ko shago, tsaron lambu, rakiyar garke, ko farauta idan rani ya kama.

Jega garin kasuwa ne tun ƙarni na 19, kuma har yau 'yan kasuwarta na da kayan da ke bukatar tsaro da dare. Aliero ta yi suna da albasa, sannan jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jihar ta kafa a can a 2006 ta ƙaro ma'aikata masu zama a gidajen katanga. Maiyama kuwa, a kan hanyar Koko da Yawuri, ƙasar manoma ce da makiyaya.

Mai ɗauko kwikwiyo yakan yi tunanin abinci da sarƙa, amma da wuya ya tsaya ya tambayi kansa inda dabbar za ta riƙa yin kashi da fitsari. Sai a ɗaure kare yini guda, a sake shi bayan Isha, gari na wayewa a tarar da kashi a tsakar gida kusa da shanyar hatsi, ko a ƙofar gidan maƙwabci inda dattawa ke shimfiɗa tabarma. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan abin da bai kai wannan ba.

Tsarki da lafiya

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi rinjaye a yankin, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a riƙe shi don farauta ko tsaron gona da dabbobi. Amma kashinsa da fitsarinsa najasa ne, dole a wanke wurin da suka taɓa kafin a yi sallah a kai. Wannan kaɗai ya isa a keɓe masa wuri.

Ta fuskar lafiya kuma lamarin ya fi yadda ake zato nauyi. Akwai tsutsar ciki da ake kira toksokara, wadda yawancin 'yan kwikwiyo ke samu tun daga cikin uwa ko ta nono. Macen tsutsar tana iya zuba ƙwai har kusan 200,000 a rana, su fito cikin kashi. Ƙwan ba ya kama mutum a ranar da ya fito. Sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya ƙosa, daga nan kuma yana iya daɗewa watanni ko shekaru. Yaron da ke wasa da ƙasa ya kai hannu baki shi ne ya fi shiga haɗari, kuma tsutsar kan iya kaiwa hanta ko ido. Abin lura a nan shi ne, wanda ya kwashe kashin a ranar da aka yi shi ya riga ƙwan ƙosawa.

Ta biyu ta fi shafar garuruwan da ake yanka da yawa. Mahauta sun san ƙullutun ruwa da akan tarar a hanta ko huhun tunkiya, saniya ko raƙumi. Idan aka yanke wannan gurɓataccen yanki aka jefa wa kare, tsutsar sai ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito cikin kashi, ya maƙale a ciyawa, ganye ko ruwa. Shi wannan ƙwai ba ya jiran ƙosawa. Mutumin da ya haɗiye shi kan yi shekaru bai sani ba, sai ƙullutun ya girma a hantarsa ko huhunsa, wani lokaci har sai an yi tiyata. Wata 'yar uwar tsutsar ita ke shiga ƙwaƙwalwar tumaki da awaki ta sa su riƙa juyawa wuri guda, asarar da mai kiwon ragon layya ba zai so ya gani ba.

Sai kuma tsutsar da ke huda fatar ƙafa a ƙasa mai laima, ta bar zane mai ƙaiƙayi kamar an ja zare ƙarƙashin fata.

Horon kansa

Kare ba ya son ɓata makwancinsa, kuma yana komawa inda ya ji warin abin da ya taɓa yi. A kan waɗannan halaye biyu aka gina horon baki ɗaya.

Da farko a zaɓi wuri guda, can kusurwar gida, nesa da madafa, randa, rijiya da inda yara ke wasa. A zuba yashi ko tsakuwa ƙanana don ƙafarsa ta bambanta wurin da sauran gidan. Tun yana kimanin mako 8 kwikwiyo ke fara sabawa da irin ƙasar da yake yi a kai, shi ya sa wanda ya taso yana yi a kan siminti zai riƙa neman daɓen baranda ko da ya girma.

Lokutan bukatarsa sanannu ne: da zarar ya farka, cikin kusan rabin awa bayan ya ci, da bayan ya yi guje-guje. A waɗannan lokuta a ɗaura masa igiya a kai shi wurin, a tsaya shiru, ba wasa ba hira. Idan ya fara, a faɗi kalma guda wadda kowa a gidan ya amince da ita, ko da “yi” ce kawai. Yana gamawa, a wurin, a cikin 'yan daƙiƙoƙi, a yaba masa a miƙa masa ɗan abin da yake so, guntun ƙuli-ƙuli ko kan busasshen kifi. Idan aka bari sai an dawo zaure, kare zai ɗauka ladan dawowa aka ba shi.

Masu horar da karnuka kan yi ƙiyasin cewa kwikwiyo na iya riƙe fitsari kimanin awa guda a kan kowane wata na rayuwarsa: ɗan wata 3, awa 3. Ƙiyasi ne kawai, amma yana nuna cewa ɗaure ƙaramin kare daga asuba zuwa dare tilasta masa ne ya ɓata wurin kwanansa. Wanda kuwa ya saba kwana cikin ƙazantarsa shi ya fi kowane wuyar gyara. Abinci ma a tsayar masa da lokaci. Karen da ake jefa wa ragowar tuwo duk sa'ar da aka ga dama, ba wanda zai iya sanin sa'ar bukatarsa.

Duka ba ya cikin horon. Al'adar jan kare a dangwara hancinsa a kashin da ya yi awa biyu da suka wuce ba ta koya masa komai sai tsoron mai shi; abin da zai biyo baya shi ne ya riƙa ɓuya bayan rumbu ko ƙarƙashin mota. Idan an kama shi yana cikin yi, a katse shi da murya a kai shi wurinsa. Idan an makara, a wanke da ruwa da sabulu sosai har warin ya fita, domin hancin kare na jin abin da na mutum ba ya ji.

Yawancin karnuka kan daidaita cikin 'yan watanni. Babban kare ma yana koyo, sai dai tsohuwar ɗabi'a na ɗaukar lokaci. Namiji idan ya balaga zai fara ɗaga ƙafa yana ɗiga fitsari a jikin bango ko buhu. Wannan alamar iyaka ce yake sanyawa, ba mantuwa ya yi ba, kuma maganinsa a sito shi ne a hana shi isa ga kayan.

A hanya da lambu

Birnin New York na Amurka ya fara tilasta wa masu kare kwashe kashinsa a titi a 1978, Ingila kuma ta yi dokarta a 1996. A nan gida maƙwabtaka ce ke yin wannan hukunci, kuma ba ta jiran kotu. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa kare ya gama bukatarsa a wurinsa kafin a fita, fitar ta zama ladansa. Idan ta kama shi a hanya, a kauce wa ƙofar masallaci, makaranta, bakin rijiya da rumfar masu abinci, a kuma kwashe da leda ko a binne.

Lambu ya fi bukatar kulawa. A fadamun gulbin Zamfara da ya ratsa ta Jega, da gonakin albasar Aliero, ruwa kan bi ƙaramar hanya daga fangali zuwa fangali, duk abin da ya faɗa a sama zai isa ƙasa. Albasa, latas, karas da tumatir kuwa sau da yawa ɗanye ake cin su. Don haka wurin karen gadi ya kasance a bayan shinge, a gefen da ruwa ba ya gangarowa cikin shuka, kuma a kai shi can kafin a sake shi da dare da kuma da sassafe.

Kashin kare ba taki ba ne. Kada a haɗa shi da na shanu da awaki, domin zafin juji ba lallai ya kashe ƙwan tsutsa ba. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, kamar mita 30 da ake shawartar masu haƙa masai, a riƙa zubawa da shebur ana rufewa da ƙasa, sannan a wanke hannu da sabulu.

Horo ba ya maye gurbin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a ba karnuka maganin firazikwantal aƙalla sau 4 a shekara a wuraren da cutar ƙullutun ruwa take, kuma kada a ba su ɗanyen kayan ciki. Kwikwiyo na fara shan maganin tsutsa tun yana mako 2, allurar haukan kare kuma daga wata 3.

Karen da ya riga ya horu ya koma yin kashi ko fitsari ko'ina, ko aka ga gudawa da jini, ko yana yunƙuri ba abin da ke fita, rashin lafiya ce ta fi yiwuwa. A nemi likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na Birnin Kebbi. Lamari mai tsanani kuma akan tura shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.