Yusufu a Katsina, Issoufou a Maraɗi: Yadda Takarda Ta Rarraba Sunayen Zuriya Ɗaya

Duk wanda ya zauna rubuta salsalar gidansu a ƙasar Hausa, kafin ya kai kan kakan kakansa zai tarar da mutum ɗaya ɗauke da suna iri uku ko huɗu. Shehu Mujaddadi kansa bai tsira ba. An haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya rasu a Sakkwato a 1817, amma har yau alƙaluma ba su haɗu a kan sunansa ba. A littattafan Larabci Usman bin Fudi ne, Ingilishi suka rubuta Usman dan Fodio, Faransawa suka ce Ousmane, jami'ar Sakkwato kuwa, da aka sa mata sunansa a 1988, ta zaɓi Usmanu Danfodiyo.

A zamanin ajami abin bai dami kowa ba. Sau da yawa malami kan rubuta baƙaƙe ya bar wasulla, domin mai karatun ya riga ya san gidan da ake magana a kai. Baƙi ne suka fara tuntuɓe. Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, abin da kunnensa ya jiyo masa shi ya rubuta, har Sakkwato ta koma Sackatoo, Katsina ta koma Kashna.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, boko ya shiga ofis. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka samu gindin zama. Ko da suka zo, keken rubutun akawu ba shi da su, don haka Ɗanjuma ya ci gaba da zama Danjuma a takardar albashi, Ƙaura kuma Kaura.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ita ta ƙara dagula lissafi. Ta ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina suka kafa sarautarsu bayan jihadi. Wa yana wannan ɓangare, ƙane yana wancan, kowa da akawun da ya rubuta shi. Bafaranshe na rubuta "ou" inda Bature ɗan Ingila ke sa "u" ko "w", shi ya sa Tawa ta zama Tahoua, Tasawa ta zama Tessaoua, Dogon Dutse ya zama Dogondoutchi. Haka aka yi wa mutane. Mahamadou Issoufou, shugaban Nijar daga 2011 zuwa 2021, da a Daura aka yi masa rajista da Muhammadu Yusufu za a kira shi. Tsohon shugaban Nijar Mahamane Ousmane kuwa Mamman Usman ne.

Ga kuma gurbin "sunan mahaifi" da makarantar boko ta zo da shi. Bahaushe bai gaji sunan iyali da ke bin zuriya ba. Ɗan wane ake cewa, jikan wane. Da aka matsa sai an cike gurbin, yara da yawa suka ɗauki sunan garinsu. Ta haka aka samu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sardauna kansa Ahmadu Raba ne a Kwalejin Katsina kafin a san shi da Ahmadu Bello. Saboda haka mutum biyu masu amsa Kaita ba lallai su haɗa jini ba, alhali 'yan uwa ciki ɗaya na iya fitowa da sunaye daban.

Alkunya ma ta taka rawa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, suruka ba ta kiran sunan surukinta, sai laƙabi ya danne sunan yanka. Abubakar ya zama Garba ko Habu, Umaru ya zama Sanda, Usman ya zama Shehu, Yusufu ya zama Maitama. A ƙasashen waje ma rubutu ya sauya: a zangunan Gana an rubuta Issah da Seidu da Fuseini, a Mai Wurno ta Sudan kuma, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, sunayen sun koma haruffan Larabci.

Masu bincike a Gidan Adana Takardu na Kaduna ko a Arewa House ba sa dogara da harafi. Sukan gwada sunan uba da na kaka, da gari, da sarauta ko sana'a, da zamanin sarkin da mutum ya rayu a ciki, sannan su yarda cewa Audu na takardar haraji shi ne Abdullahi na takardar gado.

Mai rubuta tarihin gidansu ya zaɓi rubutu ɗaya ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya jera sauran a wurin da sunan ya fara fitowa, tare da takardar da kowanne ya fito ciki da shekararta. Kada ya gyara wa tsohuwar takarda rubutu, ya kwafe ta yadda ya same ta. Laƙabi kuma a tambayi tsofaffin matan gida tun suna raye, a rubuta shi kusa da sunan yanka.