Lokacin da Goronyo Take Ƙarƙashin Teku

Idan mu Sakkwatawa muka zauna hirar tarihi, yawanci daga 1804 muke farawa, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. Wanda ya zurfafa ya taɓo Gobir da Kabi. Ni kuwa, da yake na ƙare aikina ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, na saba gaya wa ɗalibaina cewa ƙasar da ke tsakanin Sakkwato da Wurno da Goronyo tana da wani tarihi da ya girmi duk waɗannan nesa ba kusa ba. Daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, amma tuddanmu cike suke da ƙwanson halittun ruwan gishiri da haƙoran kifin shak. Shekara wajen miliyan 70 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya miƙo daga arewa, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya kwanta a kan wannan yanki. Masana suna kiran kwarin da ya cika Iullemmeden, sunan wata ƙabilar Buzaye ta Nijar da Mali.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara rubuta labarin. Sun kafa hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya a 1919, ma'aikatanta suka riƙa yawo neman ma'adinai da ruwan rijiya, suna tsintar ƙasusuwan da suka zama dutse suna aikawa Landan. A 1930 wani masani mai suna William Swinton ya yi nazarin waɗanda aka samo daga lardin Sakkwato. Ya ce wasunsu na dangin wata dabbar teku ne da aka riga aka sani a Turai, wadda aka fara tonowa kusa da garin Maastricht na ƙasar Holan, a gefen kogin Maas. Daga sunan kogin ne aka raɗa mata Mosasaurus, don haka Swinton ya kira tamu Mosasaurus nigeriensis.

Suna biyun nan ƙa'ida ce da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya tabbatar wa dabbobi a 1758: na farko sunan zuriya, na biyu sunan iri. Wato Swinton cewa ya yi dabbar Sakkwato da ta Holan 'yan ɗaki ɗaya ne. Magana ta tsaya a haka shekara 40. Wajen 1970 wata tawaga daga Jami'ar Florence ta Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, ta yi tono a ƙasar Goronyo ta dace da ƙoƙon kai. Ƙashin baya na iya ruɗar mutum, amma kai ba ya ɓoye asali. Bakin dogo ne siriri, haƙoran a tsaye suna shiga tsakanin juna irin na kada, ramin ido ƙarami. Ba a taɓa ganin haka a dangin na Holan ba. A 1972 aka ware ta, aka ba ta sunan zuriyarta: Goronyosaurus. Duk ɗalibin da ya karanci waɗannan dabbobi a duniya sai ya furta sunan Goronyo, ko da bai san inda take ba.

Yara kan ɗauka kada ce ko kifi ko dainoso. Ko ɗaya ba ita ba ce. Tsarin ƙoƙon kanta da gaɓoɓin muƙamuƙinta sun sa ta cikin rukunin ƙadangaru da macizai, saboda haka damo da guza sun fi kusa da ita a kan kadan kogin Rima. A duwatsun da suka girmi namu, musamman a bakin tekun Adriatik, an sami ƙananan ƙadangaru na gaɓar ruwa masu ƙafafu da yatsu. A duwatsun da suka biyo baya sai ƙafafun suka faɗaɗa suka koma abin tuƙi, wutsiya ta yi ƙarfi, jiki ya girma. Bayanin da Charles Darwin ya kawo a 1859 shi ne masana ke amfani da shi a nan. 'Ya'yan dabba ba sa zuwa iri ɗaya sak, kuma ana haihuwar fiye da abin da abinci zai ɗauka. Wanda tafin ƙafarsa ya ɗan fi faɗi ya fi kama kifi, ya fi barin 'ya'ya, 'ya'yan su gaji siffar. Ba dabba ɗaya ce ke rikiɗa ba. Zuriya ce ke sauyawa a hankali cikin miliyoyin shekaru. Ƙaramin idon dabbar Goronyo ma, wasu masana na ganin alama ce ta farauta a gurɓataccen ruwan bakin kogi, inda gani ba ya da amfani sosai.

Tambayar da ɗalibai suka fi yi mini ita ce: “Malam, wa ya ƙirga shekarun?” Kusan kowa ya ji labarin gwajin kabon, kuma gaskiya da shi aka gano cewa kwalekwalen Dufuna, wanda aka tsinta a Yobe a 1987, ya kai shekara wajen 8,000. Sai dai rabin nau'in kabon da ake aunawa yana ƙarewa duk shekara 5,730, bayan shekara 50,000 babu abin aunawa. Ƙashin Goronyo ya fi ƙarfinsa.

Hanyar da aka bi ta fara ne da jerin duwatsu. Laka da yashi suna kwanciya wani kan wani, na ƙasa ya riga na sama. Masu bincike, ciki har da Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello, sun tsara shimfiɗun yankin da sunayen garuruwanmu: Taloka a ƙasa, sai Dukamaje, sai Wurno, sai Dange, sai Kalambaina, Gwandu a sama. Ƙasusuwan suna cikin Dukamaje, tare da ƙwanson wata halitta mai murɗaɗɗen gida, Libycoceras, wadda ba ta daɗe a duniya ba kuma ana samunta a Masar da Libiya. Inda duk ta bayyana, zamani ɗaya ne. Adadin shekarun kuma daga wasu ƙasashe aka samo shi, inda tokar aman wuta ta ratsa duwatsun wannan zamani. A cikin tokar akwai ƙwayoyin yuraniyom, wanda rabinsa ke komawa darma cikin shekara biliyan 4.5. Awo ya sa zamanin tsakanin shekara miliyan 72 da 66.

A ƙarshen wannan zango ne wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a Meziko, dainoso da dangin Goronyosaurus suka ƙare. Duwatsunmu sun nuna hakan: daga Dange zuwa sama babu ƙashinsu ko ɗaya, amma akwai na kadojin teku da kunkuru da kifi, waɗanda suka tsira. Teku da ya ja baya ya sake dawowa, ƙwanso ya taru ya zama farin dutsen Kalambaina. Shi masana'antar siminti ta Sakkwato ke ƙonawa tun 1967.

Ƙoƙon kan da ya fito da sunan Goronyo yana Florence. Ban ga laifin waɗanda suka adana shi ba, don da ya zauna a fili da ruwan damina ya cinye shi. Abin da nake so shi ne jami'o'inmu su horar da masu wannan ilimi, a kuma ware ɗaki a Sakkwato inda ɗan makaranta daga Wurno ko Gada zai ga abin da aka tono a bayan garinsu, domin tuddan Dukamaje ba su gama fitar da abin da ke cikinsu ba.