Willie O'Ree da ƙofar da ta koma ta rufe

Ranar 18 ga Janairun 2022, ƙungiyar Boston Bruins ta ɗaga tuta mai lamba 22 zuwa rufin filin wasanta, alamar cewa babu ɗan wasanta da zai sake saka wannan lamba. Mai lambar, Willie O'Ree, yana da shekara 86 a lokacin, kuma daga San Diego ya kalli bikin saboda annobar korona. Ranar ta cika shekara 64 cif da zamansa baƙar fata na farko da ya buga wasa a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka. Duk Janairun duniya sai an sake kiransa da laƙabin da ya bi shi, wato Jackie Robinson na wasan hoki. Ni kam laƙabin nan bai kwanta mini ba. Robinson ya shiga babbar gasar besbol a Afrilun 1947, kafin wata uku Larry Doby ya biyo shi, wasu kuma suka yi ta kwararowa. O'Ree ya shiga a 1958, amma sai a 1974 aka sake ganin wani baƙar fata a NHL. Abin tambaya shi ne me ya riƙe ƙofar kafin zuwansa, kuma me ya sake tura ta bayan wucewarsa.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, kowa sanye da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, yana sulɓi a kan daskararren ruwa da sanda mai lanƙwasasshen kai. Abin da ake bugawa wani baƙin faifan roba ne da bai fi waina ɗaya girma ba, amma ana daskarar da shi kafin wasa, kuma idan ƙaƙƙarfa ya make shi gudunsa kan wuce kilomita 150 a awa. Asalin wasan kuwa har yau garuruwan Kanada irin su Windsor da Kingston da Halifax ba su daina jayayya a kansa ba. Abin da aka tabbatar shi ne wasan da aka shirya a cikin rufaffen fili a Montreal ranar 3 ga Maris 1875, sai Kofin Stanley da aka fara bayarwa a 1893, sai kafa NHL a 1917.

Bayanin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne wai baƙar fata ba ya jure sanyi, don haka wasan ƙanƙara ba nasa ba ne. Har akwai masu cewa idon sawunsa ba shi da ƙwarin tsayuwa a kan wannan takalmi. Tarihi ya ƙaryata wannan tun kafin a haifi NHL. A 1895 shugabannin majami'un Baptis na baƙar fata a Halifax, cikin lardin Nova Scotia, suka kafa gasar kansu, wadda ake kira Colored Hockey League. 'Yan wasan jikokin mutanen da suka baro Amurka ne, wasu bayan yaƙin neman 'yancinta, wasu bayan yaƙin 1812, da yawansu gudun bauta ya kawo su. Akwai Halifax Eurekas, akwai Dartmouth Jubilees, akwai Africville Sea-Sides. George da Darril Fosty, waɗanda suka tono labarin a littafinsu na 2004, sun nuna cewa a gasar nan mai tsaron raga kan zube a gwiwa ya tare faifai tun lokacin da dokar manyan gasanni ta hana hakan. Gasar ta yi rauni, ta farfaɗo, ta mutu wajen 1930, sannan aka manta da ita har tsawon rayuwar mutum guda.

Nawa bayanin shi ne ƙuncin ƙofa da kuma ƙarancin masu riƙe da mabuɗinta. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiya shida kacal ce a NHL: Montreal, Toronto, Boston, New York, Detroit da Chicago. Gurbin aiki bai wuce 120 ba a gasar baki ɗaya. Ko shidan ma ba hannu shida ba ne, domin iyalan Norris suna da Detroit, suna da hannu a Chicago, suna kuma da kaso mai tsoka a filin da ƙungiyar New York ke wasa. Babu zaɓen matasa a bainar jama'a sai a 1963. Kafin nan kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyin da take ɗaukar nauyi, tana sa yaro ya sa hannu a takarda tun yana ɗan shekara goma sha, daga nan ya zama nata. A irin wannan tsari ba a bukatar rubutacciyar dokar wariya. Ya isa a ce mutum huɗu ko biyar ba su so.

Shaidata a nan Herb Carnegie ne. An haife shi a Toronto a 1919, iyayensa 'yan Jamaika. A shekarun 1940 shi da wansa Ossie da Manny McIntyre suka haɗa sahun gaba na baƙar fata zalla a Sherbrooke, jama'a na cika fili don kallonsu, kuma sau uku ana zaɓensa gwarzon ɗan wasa a gasar lardin Quebec. Jean Béliveau, wanda ya yi wasa tare da shi a Quebec Aces kafin ya zama tauraron Montreal, bai taɓa ɓoye cewa Carnegie ya cancanci NHL ba. Akwai maganar da ake jingina wa Conn Smythe, mai ƙungiyar Toronto, cewa zai ba da dala 10,000 ga duk wanda zai iya mayar da yaron farar fata. Wasu na musanta cewa ya faɗe ta, kuma ba na bukatar ta don kafa hujja. A 1948 New York Rangers suka gayyaci Carnegie gwaji, yana ɗan shekara 28, sai suka yi masa tayi har sau uku na zuwa ƙananan ƙungiyoyinsu, kowane tayi ƙasa da abin da yake samu a Sherbrooke. Ya ƙi, ya koma gida.

Masu kare NHL a nan suke tsayawa. Suna cewa ai Robinson ma sai da ya yi shekara guda a ƙaramar ƙungiya a Montreal, da Carnegie ya yi haƙuri da an kira shi. To, ga wanda ya yi haƙurin. Art Dorrington, ɗan Truro a Nova Scotia, ya sa hannu da Rangers ɗin nan a 1950, ya yi ta zura ƙwallaye a ƙananan gasanni, ba a taɓa kiransa ba ko sau ɗaya. Larry Kwong, ɗan asalin Sin, an kira shi a Maris 1948, aka sa shi a fili na kusan minti ɗaya, shi ke nan zamansa a NHL. Carnegie kuwa, magidanci mai iyali da ya ƙi rage albashinsa a kan alkawarin da ba a rubuta ba, ban ga laifinsa ba.

O'Ree kuwa an haife shi ranar 15 ga Oktoba 1935 a Fredericton, lardin New Brunswick, shi ne auta cikin 'ya'ya 13, a garin da gidajen baƙar fata biyu ne kawai. Yana ɗan shekara uku ya fara sulɓi a kan ƙanƙarar da aka daskarar a bayan gidansu, wansa Richard kuma ya horar da shi a kan jure bugu. A kakar 1955 zuwa 1956, yana wasa da ƙungiyar matasa ta Kitchener, faifai ya tashi ya same shi a fuska. A zamanin babu mai saka hular kwano, balle abin kare ido. Ganin idonsa na dama ya tafi kusan gaba ɗaya, likita ya ce masa ya haƙura da wasa. Bayan 'yan makonni ya koma fili, ya ɓoye maganar, sai yayarsa Betty ya shaida wa. Dokar NHL ta hana mai ido ɗaya wasa, amma ƙungiyoyi ba sa gwada idon kowa.

A dubi abin da wannan ke nufi a cikin fili. O'Ree ɗan gefen hagu ne, wato duk wasan a damansa yake gudana, ɓangaren da ba ya gani. Kafin ya karɓi faifai sai ya juya kansa gaba ɗaya ta kan kafaɗar dama don idon hagu ya hango shi, alhali yana cikin gudu, ga ƙarti na neman haɗa shi da katangar fili. Haka ya yi wasan ƙwararru na fiye da shekara 20.

Saura kaɗan ma besbol ta ɗauke shi. A 1956 Milwaukee Braves suka gayyace shi gwaji a Waycross, jihar Jojiya, inda ya fara ganin bayan gida na farare daban, na baƙaƙe daban. Da aka sallame shi, a kujerar ƙarshe ta bas ya zauna, kamar yadda dokar kudancin Amurka ta tilasta. Ya sha ba da labarin yadda ya riƙa matsowa gaba kujera bayan kujera yayin da motar ke nausawa arewa. Da isarsa gida ya rungumi hoki. Punch Imlach ya ɗauke shi a Quebec Aces, tsohuwar ƙungiyar Carnegie, suka ci kofi a 1957.

Daga nan Boston ta kira shi don cike gurbin wani ɗan wasa, ya fita fili a Montreal Forum ranar 18 ga Janairu 1958, Boston ta ci 3 da nema. Jaridu sun fi damuwa da yadda aka hana zakarun Montreal ci a gidansu, domin 'yan kallon garin sun saba ganin O'Ree da rigar Aces. Wasa biyu ya buga aka mayar da shi. Duk da haka ya riga ƙungiyar besbol ta garin, Red Sox, wadda ba ta sa baƙar fata a fili ba sai a Yulin 1959. Ya dawo a kakar 1960 zuwa 1961, ya buga wasa 43, ya ci 4, ya taimaka aka ci 10. Ta farko ranar 1 ga Janairu 1961 ya ci ta, ita ce ta ba Boston nasara a kan Montreal da ci 3 da 2. Shugabannin ƙungiyar, Milt Schmidt da Lynn Patrick, da abokan wasansa sun tsaya masa, ya sha faɗin haka. A filayen wasu biranen ne zagi ya yi yawa. A Chicago wani abokin hamayya ya doke shi da gindin sanda a baki, ya zubar masa da haƙoran gaba, ya karya masa hanci. O'Ree ya rama da sanda a ka, fili ya rikice, aka tsare shi a ɗakin sauya kaya don gudun 'yan kallo. A ƙarshen kakar aka miƙa shi ga Montreal, ƙungiyar da ta fi kowa yawan taurari, inda babu gurbi. Wasa 45 ke nan jimillar zamansa a NHL.

Wasu na cewa ido ne ya gajarta masa zama, ba launi ba. Akwai ƙamshin gaskiya, domin shi kansa ya danganta rashin kiransa a 1967, lokacin da ƙungiyoyi suka ninka zuwa 12, da fallasar maganar idon. Amma a 1961 ba a sani ba. Sannan da ya koma Los Angeles Blades a gasar yammaci, koci Alf Pike ya mayar da shi gefen dama, idon da ke gani ya fuskanci fili, sai ga shi ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar da 38 a kakar 1964 zuwa 1965, ya sake cin 38 da San Diego Gulls bayan shekara huɗu. Bai ajiye sanda ba sai a 1979, yana ɗan shekara 43. Kuma ko an yarda ido ya tsayar da mutum ɗaya, ba zai bayyana shekarun da suka biyo baya babu kowa ba.

Hujjar da ta fi nauyi cikin na abokan jayayyata ita ce ta yawan jama'a. A lokacin kusan duk 'yan wasan NHL 'yan Kanada ne, kuma ƙidayar 1971 ta nuna baƙar fata kimanin 34,000 ne a ƙasar mai mutum sama da miliyan 21. Sai bayan sauya dokar shige da fice a 1967 mutanen Karibiyan da Afirka suka fara shigowa da yawa. Na yarda wannan ya taimaka. Amma daga cikin 'yan tsirarun nan ne aka sami Carnegie biyu, da McIntyre, da Dorrington, da O'Ree, da Stan Maxwell wanda ya je gwajin Boston tare da shi a 1957. Mutum shida da suka kai bakin ƙofa, ɗaya kawai aka buɗe wa. Kuma ba banza ba ne Mike Marson da Bill Riley suka shigo a 1974 ta Washington Capitals, sabuwar ƙungiya, a daidai lokacin da NHL ta kai ƙungiya 18, ga kuma wata gasar kishiya, WHA, tana wawason 'yan wasa.

Daga nan abin ya ɗan sake. Grant Fuhr, baƙar fata, ya ci Kofin Stanley sau biyar da Edmonton. Rumun Ndur, haifaffen Zariya a 1975, shi ne haifaffen Najeriya na farko a NHL, ya yi wasa a Buffalo da New York da Atlanta. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Calgary, ya ci ƙwallo 625. Sai dai a 2019 Akim Aliu, haifaffen Okene, ya fito ya ce wani kocinsa, Bill Peters, ya yi masa kalaman wariya shekara goma da suka wuce, kuma cikin kwanaki Peters ya ajiye aikinsa a Calgary.

O'Ree ya yi shekaru yana aikin tsaro a wani otal kusa da San Diego kafin NHL ta nemo shi, ta naɗa shi jakadanta ga yaran da wasan bai saba kaiwa gare su ba a 1998. A 2018 aka shigar da shi Zauren Gwarazan Hoki na Toronto, a rukunin waɗanda suka gina wasan, kuma ya cancanta. Carnegie ma a wannan rukuni aka sa shi a 2022, shekara goma bayan rasuwarsa, saboda makarantar hoki da ya kafa wa yara a 1955. A ganina rukunin 'yan wasa ne wurinsa, kuma har yanzu zauren bai gyara wannan ba.