Tarihin Ma'aunin Ƙarin Ruwa ga Yaro Mai Numfashi da Na'ura

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata tambaya da likitocin yara suka daɗe suna kai-kawo a kanta, watau ruwa nawa ya kamata a ƙara wa yaron da ciwo ya tsananta masa har ya kasa numfashi sai da taimakon na'ura. Za mu ga cewa ma'aunin da aka fi dogara da shi an tsara shi ne domin wani yaro dabam, kuma an yi shekaru da dama kafin a karɓi wannan magana.

Shi dai ƙarin ruwa ta jijiya ya girmi na'urar numfashi nesa ba kusa ba. A shekarar 1832 Thomas Latta ya ɗura wa masu kwalara ruwan gishiri a jijiya a ƙasar Sikotilan. Tun daga nan abin da likita ya tashi yana tsoro shi ne bushewar jiki, ba kuwa banza ba, domin amai da gudawa sun kashe yara ba adadi. Hura iska cikin huhu na tsawon kwanaki kuwa bai kankama ba sai a 1952, lokacin annobar shan inna a Kofanhegan ta ƙasar Danmak. A can ne Bjørn Ibsen ya sa aka huda maƙogwaron wata yarinya 'yar shekara 12, aka riƙa tura mata iska da jakar roba. Da ta rayu, sai aka gayyato ɗaliban koyon likita suna matsa jaka da hannu dare da rana, bisa karɓa-karɓa. Wannan shi ne mafarin ɗakin kulawa ta musamman.

Shekara biyar bayan haka, a 1957, Malcolm Holliday da William Segar suka buga ma'auninsu a mujallar Pediatrics. Ga yadda yake: a kilo 10 na farko na nauyin yaro, a ba shi mililita 100 ga kowane kilo a yini da kwana, a kilo 10 na biyu, mililita 50, abin da ya haura kilo 20 kuma, mililita 20. Alal misali, yaro mai kilo 25 zai sami mililita 1,600. Sauƙinsa ya sa ya game duniya, har yau ɗalibai na haddace shi. Amma ya kamata mu lura da tushen lissafin. Sun ƙiyasta ƙarfin da yaron da ke kwance a asibiti yake ƙonawa, sannan suka haɗa ruwan da yake asara ta fitsari da ta fata da ta numfashi. Gishirin da suka ƙayyade kuma kaɗan ne, kwatankwacin abin da jariri ke samu a nono, don haka ruwan ya kasance salam idan aka gwada shi da jini.

To, yaron da ke kan na'ura bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. Iskar da ake hura masa an riga an ɗumama ta an jiƙa ta da tururi, saboda haka ruwan da zai fita ta numfashi ya ragu ƙwarai. An ba shi maganin barci, ba ya motsi, ƙarfin da yake ƙonawa ya ja baya. Bugu da ƙari, matsin iska a ƙirji yana rage jinin da ke komawa zuciya, sai jiki ya ɗauka ruwa ne ya yi ƙaranci, ya saki sinadarin nan mai umartar ƙoda ta riƙe fitsari. Ciwon huhu da zafin ciwo su ma suna ƙara sakinsa. Abin mamaki, a wannan shekara ta 1957 ɗin ce Schwartz da Bartter suka bayyana yadda wannan sinadari kan fita ba bisa ƙa'ida ba, amma aka daɗe ba a gwama binciken biyu ba. A 1968 Sladen da Laver da Pontoppidan na Boston suka nuna cewa manyan da suka daɗe a kan na'ura sukan tara ruwa, nauyinsu ya ƙaru, huhu ya jiƙe, alhali zuciyarsu lafiya lau. A ganina wannan gargaɗi ya isa, sai dai kunnen ɓangaren yara yana wani wuri.

Inda kunnen yake shi ne ceton yaron da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa har jinin ya faɗi. A 1991 Carcillo da abokan aikinsa suka duba yara 34, suka ga waɗanda aka ba fiye da mililita 40 ga kowane kilo a sa'ar farko sun fi tsira. Yaran kaɗan ne, amma darasin ya zauna daram: a zuba ruwa da sauri, in huhu ya cika ga na'ura nan. Ba a cika tambayar ina ruwan zai nufa a kwana na biyu da na uku ba.

Sauyin tunani ya biyo ta hanyar ƙoda. A 2001 Stuart Goldstein ya duba yara 21 da ake tace wa jini a Amurka, ya kawo wani lissafi mai sauƙi: a ɗebe ruwan da ya fita daga wanda ya shiga, a raba da nauyin yaro ran da aka kwantar da shi, a mayar kashi cikin ɗari. Yaro mai kilo 10 da ya karɓi lita 3 ya fitar da 2, ya tara kashi 10 ke nan. Waɗanda suka rasu sun fi tara ruwa. A 2006 wani gwaji a kan manya 1,000 masu ciwon huhu mai tsanani ya nuna cewa taƙaita ruwa bai rage mutuwa ba, amma ya sa an sauka daga na'ura da wuri, da bambancin kwana biyu da rabi. A 2012 Valentine da abokan aikinta suka duba yara 168, suka tarar cewa yawan ruwan da ya taru zuwa kwana na uku yana tafe da daɗewa a kan na'ura. A nan dole a yi hattara. Wannan bincike duba takardun jinya ne, ba gwaji ba, kuma yaron da ya fi jin jiki shi aka fi ɗura wa ruwa, don haka raba laifin ruwa da laifin ciwo ba ƙaramin aiki ba ne. Shi kuwa ruwa mai ƙarancin gishiri, bayan mutuwar yara da dama saboda kumburin ƙwaƙwalwa, Birtaniya ta yi gargaɗi a kansa a 2007, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma ta koma ga ruwan da gishirinsa ya yi daidai da na jini a 2018.

Hujja mafi nauyi daga Afirka ta fito, daga asibitocin da ba su da na'urar ma sam. A gwajin da Kathryn Maitland ta jagoranta a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, wanda aka buga a 2011, an raba yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin gudun jini. Cikin sa'o'i 48, kimanin kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri suka rasu, sauran kuwa kashi 7.3. An dakatar da gwajin kafin wa'adinsa. Da yawa daga yaran suna da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, irin waɗanda ke cika ɗakunan yara a ƙasar Hausa da damina, amma ban da masu gudawa mai tsanani, waɗanda ba a sa su ciki ba. Saboda haka ƙa'idojin duniya na 2020 suka raba shawara gida biyu. Inda akwai ɗakin kulawa ta musamman, ana iya ba da mililita 40 zuwa 60 ga kowane kilo a sa'ar farko, kaɗan-kaɗan, ana duba yaron, a tsaya da zarar alamar cika ta bayyana. Inda babu shi kuwa, ba a ɗura ruwa da sauri sai in jinin yaron ya faɗi, sa'an nan ma kada a wuce mililita 40.