Daga Fartanya Zuwa Tsintsiya: Sanata Wamakko da Kuɗin Neman Kujera a Sakkwato

Wanda ya tsaya a Ƙofar Kware ya fuskanci arewa, hanyar da ke gabansa ita ce ta garin Kware, ta zarce Illela har kan iyakar Nijar. Ganuwar da aka kewaye birnin da ita tun zamanin Muhammadu Bello ta daɗe da zaizayewa, amma sunayen ƙofofinta suna nan a bakin mutane: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya da sauransu. A lissafin hukumar zaɓe kuwa, unguwar tana cikin mazaɓar Sakkwato ta Arewa, wadda ta haɗa ƙananan hukumomi takwas: biyu na cikin birni, sai Wamakko, Kware, Binji, Silame, Tangaza da Gudu. Tun 2015 mutum ɗaya ke riƙe da kujerar wannan mazaɓa a Majalisar Dattawa, Aliyu Magatakarda Wamakko, Sarkin Yamman Sakkwato, wanda yaro da babba ke kira Alu.

Kafin a zo kansa, ya kamata a san cewa ita kanta kujerar ba da zaɓe ta fara ba. A Jamhuriya ta Farko ba a kaɗa wa sanata ƙuri'a. Gwamnatin kowane yanki ce ke miƙa sunayen dattawa goma sha biyu, majalisun yankin su amince, su tafi Legas. Babu fosta, babu yawon kamfe, babu abin da za a kashe. Zaɓen da ake fafatawa shi ne na Majalisar Wakilai da ta yanki, kuma a ƙasar Sakkwato jam'iyyar NPC ta Sardauna Ahmadu Bello, mai alamar fartanya, ba ta da babban abokin karawa. Ƙarfinta ba a aljihu yake ba. Yana wurin En'e, wurin hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda maganarsu ta isa ta juya gari guda. Mata ma ba su jefa ƙuri'a a Arewa a lokacin. Wannan ita ce asalin siyasar da ake kira ta 'yan mazan jiya: girmama sarauta da malamai, tsoron sauyi na gaggawa, da yarda cewa babba shi ke ɗaukar nauyin na ƙasa da shi, na ƙasa kuma ya biya da biyayya. Wanda bai fahimci wannan yarjejeniya ba, ba zai gane inda kuɗin siyasar Sakkwato ke tafiya ba har yau.

Tsarin mulkin 1979 ne ya kawo zaɓaɓɓen sanata, biyar daga kowace jiha cikin jihohi 19. Shehu Shagari da kansa ya sha faɗa cewa kujerar sanata yake so, abokansa na NPN suka tura shi takarar shugaban ƙasa. Tsohuwar jihar Sakkwato, wadda ta haɗa da Kebbi da Zamfara na yanzu, ta bi NPN mai alamar gida da masara, ta zaɓi Shehu Kangiwa gwamna. A nan kuɗi ya fara samun gindin zama, domin yanzu mata sun shigo, En'e ta rushe tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kuma dole ɗan takara ya taka ƙauye ƙauye da motoci da makaɗa. 'Yan kwangila da manyan 'yan kasuwa suka zama ginshiƙan jam'iyya. Da Janar Babangida ya zo, ya ce zai raba siyasa da masu kuɗi, ya ƙirƙiro NRC da SDP a 1989, gwamnati ta gina musu ofisoshi ta kuma riƙa ba su kuɗin gudanarwa. Sakkwato ta zaɓi NRC, wadda aka ce ta ɗan karkata dama, Yahaya Abdulkarim ya zama gwamna. Attajiran da aka ce an kora ta ƙofa, ta taga suka dawo.

Duk wannan lokaci Aliyu Wamakko ma'aikacin gwamnati ne. An haife shi a 1953 a garin Wamakko, ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Sakkwato, ya koyar, sannan ya tafi Jami'ar Pittsburgh a Amurka ya dawo da digiri a 1980. Ya yi aiki a harkar ƙananan hukumomi, har ya shugabanci ƙaramar hukumar Sakkwato a tsakiyar shekarun 1980. A ganina wannan ne jarinsa na farko, ba kuɗi ba. Mutumin da ya daɗe yana hulɗa da dagatai, malaman firamare, masu karɓar haraji da 'yan kasuwar ƙauye, ya san sunan kowa da na ubansa. A ƙasar da ake auna ɗan siyasa da zuwa jana'iza da ɗaurin aure, irin wannan sanayya ta fi buhun kuɗi daɗewa.

A 1999 ya zama mataimakin gwamna Attahiru Bafarawa a jam'iyyar APP, magajiyar siyasar 'yan mazan jiya, wadda ita ma masara ce alamarta. Suka sake cin zaɓe a 2003 bayan ta koma ANPP. Daga baya zama ya yi tsami, Wamakko ya ajiye muƙaminsa a Maris 2006. Bafarawa ya kafa DPP ya nemi shugabancin ƙasa, ya tsayar da Muhammadu Maigari Dingyaɗi gwamna. Wamakko ya riƙe tutar ANPP, ana dab da zaɓen 2007 sai PDP, a zamanin Obasanjo, ta karɓe shi ta ba shi takara. Mukhtar Shehu Shagari, wanda shi ya ci zaɓen fidda gwani na jam'iyyar, ya haƙura ya zama mataimaki. Wannan canjin sheƙa ya jawo shari'a mai tsawo. A Afrilu 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke zaɓen a kan yadda aka tsayar da shi, kakakin majalisar jiha Abdullahi Balarabe Salame ya riƙe mulki na ɗan lokaci, aka sake zaɓe a Mayu Wamakko ya sake ci. Ƙurar shari'ar ba ta kwanta ba sai da ta haɗa Mai Shari'a Ayo Salami da Alƙalin Alƙalai Aloysius Katsina-Alu rigima, aka dakatar da Salami a Agusta 2011. A Janairu 2012 kuma Kotun Ƙoli ta ce wa'adin gwamnoni biyar ya ƙare, har da na Sakkwato, aka koma rumfa a Fabrairu, ya ci a karo na uku. Zaɓe uku cikin shekara biyar kan kujera ɗaya, ban da kuɗin manyan lauyoyi, wanda babu dokar da ke lissafa shi cikin kuɗin kamfe.

Ita kuwa kujerar sanatan tana gidan Sarkin Musulmi a lokacin. Badamasi Maccido ne ke kanta tun 2003, har ranar 29 ga Oktoba 2006 da jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja. Ya rasu tare da mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da Sanata Sule Yari Gandi. Allah Ya jiƙansu. Sakkwatawa ba su manta da wannan Lahadi ba. Ɗan'uwansa Ahmed Maccido ya hau kujerar ya riƙe ta har 2015. A Nuwamba 2013 Wamakko ya bi sahun Kwankwaso da Amaechi da Nyako da Abdulfatah Ahmed suka bar lemar PDP suka ɗauki tsintsiyar APC, kuma guguwar Buhari ta 2015 ta kai shi Majalisar Dattawa, ta kai Aminu Waziri Tambuwal gidan gwamnati. Tambuwal ya koma PDP a 2018, ya kayar da yaron Wamakko, Ahmed Aliyu, da ƙuri'a 342 kacal a 2019. Shi dai Wamakko ya tsira da kujerarsa. A 2023 ya kara da mataimakin gwamna Manir Ɗan'iya, ba a kammala zaɓen ba sai a zagayen cike giɓi na 15 ga Afrilu, kuma a wannan karon Ahmed Aliyu ya zama gwamna.

To, nawa ake kashewa a irin wannan tafiya? Doka tana da amsarta. Dokar Zaɓe ta 2006 ta ce mai neman kujerar sanata kada ya wuce naira miliyan 20. Ta 2010 ta ɗaga zuwa miliyan 40, ta kuma hana mutum ɗaya ba ɗan takara gudummawar da ta haura miliyan ɗaya. Ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta kai miliyan 100, gudummawar mutum ɗaya kuma miliyan 50. A ido kamar an ninka sau biyar, amma a 2006 dala ba ta kai naira 130 ba, a farkon 2023 kuwa ta wuce 700 a hannun 'yan canji. Idan aka auna da dala, iyakar ma raguwa ta yi. Kuma tun kafin ɗan takara ya buga fosta ko ɗaya, jam'iyya ta riga ta yanki rabonta: a 2022 APC ta sayar da fom ɗin sanata miliyan 20, alhali a 2018 miliyan 7 ne. PDP ta sayar da nata miliyan 3.5. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na lokacin, naira 30,000, sai ya shekara 55 bai ci bai sha ba kafin ya sayi fom ɗin APC. Malamin makaranta irin Wamakko na shekarun 1970, ko Shagari na shekarun 1950, ba shi da hanyar shiga ta wannan ƙofa a yau sai da ubangida.

Bayan fom sai daliget. Dokar 2022 ta cire zaɓaɓɓu da tsofaffin masu muƙamai daga cikin masu kaɗa ƙuri'ar fidda gwani, ta bar 'yan kaɗan da aka zaɓo daga mazaɓu, kuma kowa ya san abin da ke faruwa da farashin kaya idan ya yi ƙaranci a kasuwa. Sai ranar zaɓe: jihar Sakkwato tana da mazaɓu 244 da rumfuna kusan 4,000, kowace rumfa tana son ejan, kowane ejan yana son kuɗin abinci da na mota. Ga mai, ga hayar motoci, ga mawaƙa da 'yan rediyo, ga atamfar mata, ga matasan da ke bin ayari. Sauya fasalin naira da Babban Banki ya yi a ƙarshen 2022, wanda aka ce zai hana sayen ƙuri'a, talaka ya fi galabaitarwa. Masu hali suka koma tura kuɗi ta waya da rabon shinkafa da taliya.

Sai dai ni a wurina, babban kashin kuɗin ba ya cikin waɗannan. Yana cikin shekara huɗun da ke tsakanin zaɓe da zaɓe. Duk wanda ya taɓa bi ta Gawon Nama lokacin da Sarkin Yamma yake gari ya ga jama'ar da ke ƙofar gidansa. Haka ƙofar kowane babban ɗan siyasa take a Arewa: mai takardar asibiti, mai kuɗin makarantar ɗa, mai aurar da 'ya, kwamitin masallaci, rabon hatsi da azumi, ragon layya, kujerar Makka. Doka ba ta kiran wannan kamfe, masu karɓa ma ba su kiransa haka. Alheri suke cewa, kuma sau da yawa alherin ne na gaskiya, domin matar da aka biya wa kuɗin tiyata ba ta da wani wurin zuwa. Amma shi ne ke haifar da ƙuri'a, kuma shi ne gadon tsohuwar yarjejeniyar zamanin fartanya, da bambanci ɗaya: a da hakimi da rumbunsa da rawaninsa yake riƙe jama'a, yanzu da naira ake riƙe su. Lokacin da Sanata Shehu Sani ya bayyana a 2018 cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, ban da albashi, mutane sun fusata, kuma suna da gaskiya. Kaɗan ne suka tambayi ko nawa ne daga ciki ke ƙarewa a ƙofar gida, da kuma dalilin da ya sa asibiti da makaranta suka kasa har sai an je can.

Abin da ke damuna shi ne littafin lissafi. Tsarin mulki ya hana jam'iyya riƙe kuɗi daga ƙasar waje, ya kuma ba INEC ikon binciken asusunta. Dokar 2022 ta wajabta wa kowace jam'iyya miƙa rahoton abin da ta kashe cikin wata shida bayan zaɓe, da sa hannun mai binciken kuɗi, a buga shi a jaridu biyu, INEC kuma ta ajiye shi a hedikwata da ofisoshinta na jihohi don duk mai son dubawa. A Amurka, mai zaɓe na iya buɗe shafin hukumar zaɓen tarayya ya ga sunan wanda ya ba sanatansa fiye da dala 200. A nan nauyin yana kan jam'iyya ne fiye da ɗan takara, kuma a Dokar 2022 hukuncin wanda ya wuce iyaka bai fi tarar kashi ɗaya cikin ɗari na iyakar ba, ko ɗaurin da bai wuce wata goma sha biyu ba, ko duka biyun. Ga mai neman sanata, tarar naira miliyan ɗaya ke nan, kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗin fom ɗin APC.

Mutumin Ƙofar Kware ya san tarihin Alu ciki da bai. Zai faɗa maka shekarar da ya rabu da Bafarawa, da yadda aka kafa Jami'ar Jihar Sakkwato a 2009, da wanda ya ci amanar wa a 2018. Masu sonsa da masu adawa da shi za su kwana suna musu a kan waɗannan a teburin mai shayi. Ofishin INEC na jiha kuma yana nan cikin garin, tafiyar ɗan kabu-kabu ɗaya daga ƙofar, kuma doka ta ba wannan mutum ikon shiga a lokacin aiki ya ce a nuna masa rahoton kuɗin da APC da PDP suka kashe a zaɓen 2023.